Ba da Masaba Ake Ƙera Bindigar Soja Ba

Duk lokacin da sojoji suka baje kolin bindigogin da suka ƙwato daga wata ɓoyayyiyar maƙera a Filato ko wani wuri, sai ka ji magana ɗaya tana yawo a rediyo da majalisun bakin titi: me ya hana a ɗauki waɗannan mutane aiki a DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, tunda ga shi sun iya? Maganar ta ƙara ƙarfi tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanin a watan Nuwamba na 2023. Da kyakkyawar niyya ake faɗinta, amma masu faɗin sun ɗauka siffa ce bindiga: bututu, kunama, da gindin katako. Abin da ya raba bindigar soja da ta maƙeri ba ya fitowa a hoton jarida, domin yana cikin wani rami da bai kai tsawon yatsa ba.

Ramin shi ne mazaunin harsashi, a gindin bututu. Harsashin AK-47 idan ya tashi, matsin da ke cikin wannan ɗan wuri yana iya kaiwa bar 3,550 bisa ma'aunin hukumar C.I.P. ta Turai, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. Kwanson harsashi siriri ne, bangon ramin ne ke tallafe shi. In ramin ya yi faɗi ko ya karkace, kwanso na iya tsagewa, wuta ta dawo fuskar mai harbi.

Ana fitar da wannan rami ne a kan injin sassaƙar ƙarfe mai juyi, da wani makami mai kaifi da ake kira rima, wanda aka yi shi da siffar harsashin. Bututu na juyawa, rima na shiga a hankali daga wutsiyar injin. A nan ne ƙwararrun masu haɗa bindigogin gasa a Amurka da Turai suka daɗe suna gardama: da wane irin mariƙi za a riƙe rimar? Wasu na son mariƙi kafaffe, wanda ba ya ba ta damar motsi ko kaɗan. Wasu kuma na son mai sassauci, wanda ke barin ta ta ɗan yi wasa gefe da gefe ta bi ramin da ta tarar. Hujjar masu sassauci ita ce wutsiyar inji ba kasafai take daidai da cibiyar juyi ba, musamman in injin ya tsufa. Idan ta kauce da milimita 0.02, kafaffiyar rima za ta faɗaɗa ramin da kusan ninki biyu na hakan, ga shi kuwa kaurin gashin kai ɗaya wajen milimita 0.07 ne kawai. Masu kafaffe sai su ce rima mai wasa makauniya ce, duk inda tsohon rami ya ja ta nan za ta bi, ko da a karkace yake, kuma wani lokaci tana karkarwa ta bar zane a bango.

A ganina kowa da gaskiyarsa, kuma gaskiyar tasu a wuri ɗaya ta tsaya. Kafaffen mariƙi yana buƙatar inji mai gaskiya. Mai sassauci yana yafe wa inji laifinsa, amma ba ya yafe wa wanda ya ɗaura bututu a karkace. Dukansu biyu sai da agogon awo mai nuna kaucewar da ido ba ya gani, da mutumin da ya iya karanta shi. Maƙeranmu ma sun riga sun faɗa: sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ma koyar da tarihin wannan daidaito, alhali shi ne tushen masana'antar zamani gaba ɗaya. A shekarar 1774 wani mai narka ƙarfe a Ingila, John Wilkinson, ya yi rajistar hanyar huda igwa daga dunƙulallen ƙarfe, ramin ya fita a miƙe. A daidai lokacin James Watt ya shafe shekaru yana fama da injinsa na tururi, domin babu wanda ya iya yi masa tukunyar silinda mai zagaye na gaskiya, tururi sai zurarewa yake yi ta gefe. Wilkinson ne ya ɗauki dabarar huda igwa ya warware masa matsalar, kuma a 1776 injunan farko na Boulton da Watt suka fara aiki. Matthew Boulton, abokin aikin Watt, ya yi ta yabon silinda mai faɗin inci 50 wadda kuskurenta bai kai kaurin tsohon sule ba. Henry Maudslay, wanda ya fara aiki yana yaro a ma'ajiyar makamai ta Woolwich, shi ya inganta injin yanka zaren noti wajen 1800. Almajirinsa Joseph Whitworth ya fito da ma'auni ɗaya na zaren noti a 1841, ta yadda notin wannan gari zai shiga ƙusar wancan gari.

A Faransa, Honoré Blanc ya nuna wa Thomas Jefferson na Amurka a 1785 cewa ana iya cakuɗa sassan kunamar bindigogi a sake haɗa su ba tare da goga ba. Amurkawa suka ɗauki darasin, suka raine shi a masana'antun gwamnati na Springfield da Harpers Ferry, daga can ya gangara zuwa keken ɗinki, keken hawa, sannan mota. Ingila kuwa tun 1813 ta buɗe gidan gwajin bututun bindiga a Birmingham, inda ake harba kowane bututu da cajin da ya fi ƙa'ida kafin a buga masa hatimi. Ba su jingina ran soja da rantsuwar maƙeri ba.

Mu ma mun taɓa ɗaukar hanyar. An kafa DICON a Kaduna a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina masana'antar. Bayan yaƙin basasa aiki ya ja baya har ta koma yin kujeru da kayan samar da ruwa a karkara don ta rayu. A 1980 aka kafa kamfanin ƙera injuna a Osogbo tare da HMT na Indiya, da nufin mu riƙa yin injunan da ke yin injuna. Masana'antar Ajaokuta da ya kamata ta ba su ƙarfe har yau ba ta kammalu ba. Ban yarda a ce basira muka rasa ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga yadda ake tayar da mataccen inji da ƙarfen bola, ya san akwai hannu akwai kai. Abin da babu shi ne kayan awo, da wanda zai duba ko kayan awon kansu suna faɗin gaskiya.

Na shiga ɗakin koyon aiki na wata kwalejin fasaha ta gwamnati na tarar da injunan sassaƙar ƙarfe a jere an lulluɓe su da tamfal, ƙura ta yi musu riga. Malamin ya ce min a allo yake zana wa ɗalibai rima, domin babu wuta, babu man sanyaya ƙarfe, ma'aunin maikuromita guda ɗaya kuma yana kulle a ofishin shugaba. Waɗannan yara ne za a ba takardar shaida a ce su ƙera wa ƙasa makami?

Gwamnoninmu da kwamishinonin ilimi, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da hedikwatarta ke nan Kaduna, su daina jiran bikin ƙaddamar da sabuwar bindiga. Su aika a kware tamfal ɗin nan, a daidaita wutsiyar kowane inji da cibiyarsa, a kai wuta, a saya wa kowane benci ma'auninsa. Maƙerin da aka kama kuwa, shari'a ta yi aikinta a kansa. Ɗansa mai shekara 15 da ke ja masa zuga-zugi shi ya kamata a nemo a sa a gaban inji, a ba shi agogon awo, a nuna masa yadda allurar ke rawa idan ƙarfe ya kauce da rabin gashin kai.