Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Gonaki Gandun Namun Daji: Misalin Madikwe

Idan gwamnati ta mallaki wani sabon fili da niyyar keɓe shi domin namun daji, mutane da yawa kan ɗauka aikin bai wuce a kewaye shi da waya, a zuba dabbobi, a ɗauki masu gadi ba. A wurin masana ilimin muhalli kuwa, mallakar filin ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Dalili shi ne, da wuya gwamnati ta sami dajin da hannun ɗan'adam bai taɓa ba. Abin da kan zo hannunta yawanci saura ce wadda noma ya tsotse, ko wurin kiwo da shanu suka gama da shi. Irin wannan ƙasa sai an yi jinyarta kafin ta iya riƙe dabba, domin kowace dabba tana bukatar abinci da ruwa da mafaka da sararin yawo, kuma bukatar wannan dabam take da ta waccan.

Gandun Madikwe, wanda ke arewa maso yammacin Afirka ta Kudu daura da iyakar Botsuwana, misali ne mai kyau na wannan aiki. Kafin 1991 gonaki ne na Turawa masu kiwon shanu. Gwamnatin wariyar launin fata ta wancan zamani ta karɓe su domin ta haɗa su da yankin Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da ta ware wa baƙar fata. Da aka zo shawarar abin da za a yi da filin, sai aka sa masana suka auna kiwon shanu da kuma kiwon namun daji domin masu yawon buɗe ido. Binciken ya nuna cewa a irin wannan ƙasa, wadda ruwan samanta bai fi milimita 500 a shekara ba, namun daji za su fi kawo kuɗi da ayyukan yi nesa ba kusa ba. Wato ba son dabbobi kaɗai ne ya haifi Madikwe ba, lissafin tattalin arziki ne. Faɗinsa a yau ya kai kimanin hekta 75,000.

Share fage

Matakin farko a kowane sabon fili shi ne a san abin da aka gada. Akan bi filin a ƙasa, a kuma dube shi ta hotunan da aka ɗauka daga sama, a zana taswirar irin ƙasar kowane sashe da tsirran da ke kanta, da wuraren da zaizaya ta ci. Bayan haka sai rushe-rushe. A Madikwe an tuge shingayen waya da suka raba gona da gona, an kwashe tarkacen tsofaffin gine-gine, an shiga sare baƙin tsirran da manoma suka shigo da su. Sannan aka kewaye gandun baki ɗaya da shinge mai lantarki na kimanin kilomita 150. Cire shingayen ciki ba don ado ba ne. Dabbar dawa tana rayuwa ne da bin ciyawa duk inda ruwa ya sauka, kuma waya ɗaya tak da aka manta da ita tana iya tare mata hanya, ko ta zama tarko a hannun maharbi.

Matsalar sarƙaƙiya

Babbar cutar da kiwon da ya wuce kima ke bar wa ƙasa ita ce mamayar ƙananan itatuwa masu ƙaya. Yadda abin ke faruwa kuwa yana da ban sha'awa. A dajin da ke da lafiya, ciyawa da itace kokawa suke yi a kan ruwa. Saiwoyin ciyawa suna kusa da fuskar ƙasa, don haka su ke fara shanye ruwan sama, su bar tsiron itace da ƙishi. Idan rani ya yi kuma, busasshiyar ciyawa ta ci wuta, wutar ta ƙone ƙananan itatuwan da suka tsira. Amma idan shanu suka zauna wuri ɗaya shekara da shekaru suka cinye ciyawar ƙarƙaf, to ruwa ya zama na itatuwa, wuta kuma ba ta da abin ci. Cikin 'yan shekaru sai fili ya rikiɗe ya zama sarƙaƙiya.

Ɗaya daga cikin itatuwan da suka fi addabar Madikwe ba baƙo ba ne ga mai karatu. Shi ne ɗunɗu, wanda masana ke kira Dichrostachys cinerea, wanda kuma yake cike da saurukan ƙasar Hausa. Ɗunɗu mai taurin kai ne. Idan aka sare shi sai ya toho daga saiwa, sau da yawa fiye da yadda yake da. Dabbobi na son 'ya'yansa, su ci su kai irin wani wuri a cikin kashinsu. Saboda haka sara kaɗai ba ya maganinsa. Akan haɗa da shafa wa kututturen maganin kashe tsiro, a hutar da wurin har ciyawa ta yi kauri, sa'an nan a sa wuta da gangan a lokacin da aka zaɓa, ana la'akari da iska da danshi. Wutar da aka sa wa fili maras ciyawa wahalar banza ce, domin ba ta yin zafin da zai taɓa itacen.

Duk da haka ba a son a share sarƙaƙiyar gaba ɗaya. Karkanda iri biyu ce a can. Wadda ake kira fara, mai faffaɗan baki, ciyawa take ci, tana son sarari. Wadda ake kira baƙa, mai tsinin leɓe, ganye da rassa take ci, kuma a duhuwa take fakewa. Raƙumin dawa na kiwo a saman itace, jakin dawa a ƙasa. Abin da mai gyaran gandu ke nema shi ne daji mai dabbare-dabbare: nan fili, can duhuwa, gaba kaɗan kuma manyan itatuwa masu inuwa.

Ruwa ma yana da illa

Mai karatu zai iya zaton yawan mashaya alheri ne ga dabbobi. Tarihin Gandun Kruger, babban gandun Afirka ta Kudu, ya nuna akasin haka. An haƙa rijiyoyin burtsatse fiye da 300 a cikinsa domin a taimaki dabbobi lokacin fari. A arewacin gandun akwai gwanki, irin wanda aka sani a Yankari, dabbar da ke son doguwar ciyawa nesa da cunkoso. Da ruwa ya samu a ko'ina, sai jakunan dawa da sauran masu kiwo garke-garke suka kwararo wurin, zakuna suka biyo su. Gwankayen da suka kai kimanin 450 a 1986 sai da suka koma ƙasa da 50 a 1993. Daga baya hukumar gandun ta shiga rufe rijiyoyin. Wannan ya sa duk wanda ya gaji tsohuwar gonar shanu, wadda ke da kwamin ruwa a kowane saƙo, tilas ya zauna ya zaɓi waɗanda zai bari da waɗanda zai toshe.

Shigo da dabbobi

Daga 1991 zuwa 1997 an kai dabbobi fiye da 8,000 Madikwe, kusan iri 28, aikin da ake lissafawa cikin mafi girma irinsa a duniya. An fara da masu cin ciyawa da ganye, aka bar su suka hayayyafa, kafin a kawo masu cin nama. Ba a sakin dabba kai tsaye daga mota. Akan tsare ta a wani garka mai shingen lantarki har ta huce, ta saba da wurin, ta kuma koyi jin tsoron waya. An saki kyarketai a tsakiyar shekarun 1990, amma a 1997 cutar haukan kare ta kashe mafi yawansu, sai da aka sake kawo wasu, aka kuma koma yi musu allurar rigakafi. An samo zakuna daga Gandun Etosha na Namibiya.

Labarin giwaye ya fi kowanne koyarwa. Gandun Pilanesberg, wanda ke lardi ɗaya da Madikwe, shi ma daga gonaki aka kafa shi a 1979. A lokacin ba a da dabarar ɗaukar babbar giwa, don haka marayun 'ya'yan giwa aka kai masa daga Kruger, waɗanda aka harbe iyayensu wajen rage yawan garke. Toron giwa yana da wani lokaci na zafin barbara, inda sinadarin mazantaka ke hauhawa a jininsa, wani ruwa na tsiyaya daga gefen kansa, ya zama mafaɗaci. Bisa al'ada ba ya shiga wannan hali sai ya kai shekara 25 zuwa 30, domin kasancewar manyan toraye kusa da shi na danne shi. Marayun Pilanesberg sun tashi babu babba a kansu, suka shiga halin tun da sauran shekaru, suka kuma huce a kan karkanda. Tsakanin 1992 da 1997 sun kashe fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye 6 daga Kruger, kisan ya tsaya. Rob Slotow da abokan aikinsa sun bayyana wannan a mujallar Nature a shekarar 2000. Ashe ga dabba irin giwa, dattawan garke ma wani sashe ne na muhalli.

Madikwe ya yi sa'a, domin yawancin giwayensa iyali-iyali aka kawo su. A 1993, bayan mummunan farin da ya auka wa kudancin Afirka, an kwaso kusan 200 daga Gandun Gonarezhou na Zimbabuwe, iyaye mata tare da 'ya'yansu.

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kamar Molatedi da Supingstad da Lekgophung, an sa su cikin tsarin tun farko, ko da yake amfanin bai iso gare su da saurin da aka yi alkawari ba. Daga baya al'ummar Lekgophung da ta Molatedi kowace ta mallaki masaukin baƙi nata a cikin gandun.

Sai dai nasarar giwayen ta zo da nata nauyin. Babbar giwa na iya cin kilo 150 na tsirrai a rana, tana ɓare bawon itace, tana ture manyan bishiyoyi. A wurin da ke da ruwa duk shekara, babu mafarauta, garke kan iya ninka kansa cikin shekara 10 zuwa 12, kuma shingen da ke kare shi shi ne ke hana shi fita neman abinci. Zuwa 2024 giwayen Madikwe sun haura 1,500. Da fari ya zo a wannan shekara, an ba da rahoton mutuwar fiye da 70, galibi saboda yunwa. Hanyoyin da ke gaban hukuma duk masu wuya ne. Allurar hana haihuwa tana tsayar da ƙaruwa, amma ba ta rage waɗanda ke raye. Kwashe su zuwa wani gandu na da tsada, kuma wuraren da ke son ƙarin giwaye kaɗan ne. Harbi kuwa yana jawo ƙorafi mai tsanani a ciki da wajen ƙasar. Akwai kuma tsohuwar shawarar da aka fito da ita tun farkon shekarun 2000, ta buɗe zirin daji da zai haɗa Madikwe da Pilanesberg, wanda shi ma yana bukatar a sami sabon fili daga hannun manoma da al'ummomin da ke tsakanin gandayen biyu, a sake gyara shi tun daga cire waya.