ZAZZAƁI DA MASU GADIN JIKI

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, da zarar damina ta kankama ruwa ya kwanta a unguwannin da ke bakin kogin Lamurde da Mayo Gwoi, sai sauro ya yawaita, zazzaɓi kuma ya shiga gidaje. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa zafin jiki shi ne cutar. Alhali kuwa zafin nan alama ce ta cewa jiki yana yaƙi da wata cuta da ta shige shi. Ya kamata jama'a su san abin da ke gudana a cikin jiki a wannan lokaci.

ABIN DA ZAFI KE YI

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai dubban furotin, watau sinadaran da ke gudanar da aikin rayuwa. Kowane furotin yana da irin naɗinsa, kamar naɗin rawani, in ya warware kuwa ba ya aiki. Zafi mai yawa yana warware naɗin nan. Wanda ya ga yadda farin ƙwai ke daskarewa a bisa wuta ya ga misalin wannan ɓarna.

Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyas. In ya kai 38, an shiga zazzaɓi ke nan. Daga wajen 38.5 zuwa 41, ƙwayoyin halitta sukan ƙara ƙera waɗansu furotin na musamman masu gadin sauran, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da HSP. Sanannu a cikinsu su ne HSP70 da HSP90. Aikinsu shi ne su riƙe furotin da ya fara warwarewa, su mayar masa da naɗinsa, wanda ya lalace sarai kuma su miƙa shi a rushe.

Akwai wani furotin mai suna HSF1 wanda shi ne mai ba da umarni. A lokacin lafiya masu gadin suna riƙe da shi. In zafi ya tashi, sai su sake shi su tafi wurin gyara, shi kuwa ya ta da sassan gado da ke cibiyar ƙwayar domin a ƙera ƙarin masu gadi. In sun wadata, sai su sake kama shi, aikin ya lafa.

YADDA AKA GANO

A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura da wannan al'amari a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace, bayan an ƙara zafin akwatin da yake kiwonsu. A 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka gano furotin ɗin kansu. A 2019 kuma masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin suka nuna cewa zafin zazzaɓi yana ƙara HSP90 a cikin waɗansu fararen ƙwayoyin jini, abin da ke taimakonsu su isa wurin da cuta take.

ABOKIN GABA MA YANA DA NASA

Sai dai kada a ce tun da haka ne a bar zazzaɓi ya yi aikinsa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana ƙera nata HSP70 da HSP90. Da su take jure fitowa daga jikin sauro zuwa jinin mutum mai ɗumi, da su kuma take tsira daga zafin masassarar da ita kanta ta haddasa. Saboda haka zafin jiki shi kaɗai ba ya kawar da ita. Har wa yau, ƙarfin masu gadin jikin mutum yana da iyaka. In zafi ya wuce digiri 41, ɓarna takan fi gyara yawa, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta su shiga haɗari.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A auna zafin jiki da ma'auni, kada a dogara ga taɓawa da hannu kawai.

2. A kai majiyyaci a gwada jininsa kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Taraba tana cikin jihohin da ake samun zazzaɓin Lassa, musamman da rani.

3. In gwaji ya tabbatar da cutar, a sha maganin ACT har ya ƙare, ko da an ji sauƙi.

4. A ba majiyyaci ruwa a kai a kai, a rage masa tufafi. Farasitamol yana sauƙaƙa wahala, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Kada a ba yara asfirin.

5. Jaririn da bai kai wata 3 ba, da mace mai ciki, da yaron da ke jijjiga ko ya kasa sha, a gaggauta kai su asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo.

6. A riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani, a kuma cike kududdufan da ke kewaye da gida.

Jiki yana da masu gadinsa, amma suna bukatar taimakon mai gida. Rigakafi ya fi magani.