Ɓeran Masar Yana Bukatar Ɗanyen Ganye Kowace Rana

'Yan'uwa manoma, a gidajen membobin ƙungiyoyinmu da dama ana kiwon ɓeran Masar, galibi kuwa yara ne masu shi. Dabba ce mai sanyin hali, ba ta cika cizo ba sai an matsa mata, ba ta da tsada, kuma yaro yana iya koyon kiwo a kanta tun kafin a damƙa masa akuya. Amma akwai abin da yakan faru kusan kowace shekara. Da damina ɓerayen su yi ƙiba su hayayyafa. Da rani ya yi nisa sai su soma ramewa, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya ce annoba ce, uwargida ta ce sanyin hunturu ne, yaro ya yi kukansa ya haƙura. Sau da yawa ba annoba ba ce, ba kuwa sanyi ba. Abu guda ne abincinsu ya rasa, abin nan kuwa bai fi ƙarfin kowane gida ba.

Daga ina ya fito?

Sunansa yana ruɗin mutane. Ba daga Masar ya fito ba. Bahaushe dai ya saba jingina baƙon abu ga Masar, kamar yadda ya yi wa masara da gwandar Masar, alhali su ma asalinsu nahiyar Amurka ne. Ɓeran Masar ɗan duwatsun Andis ne a Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa a ɗakin girki, suna cin namansa, suna ce da shi kuyi. A babbar majami'ar birnin Kusko a Peru akwai zanen Jibin Ubangiji da wani mai zane, Marcos Zapata, ya yi a 1753. Naman da ya zana a cikin akushin da ke tsakiyar tebur, mutane da yawa suna cewa na ɓeran Masar ne. Bayan shekara ta 1500 fatake suka kai shi ƙasar Turai, can kuwa sai ya zama dabbar sha'awa, ana ajiye shi don wasa kawai. A Kamaru da Kwango da Tanzaniya ana kiwonsa don nama da taki da 'yan kuɗin kashewa.

Gaskiya yana da dangantaka ta nesa da ɓeran gida da gafiya, amma halinsu ba ɗaya ba. Ba shi da wutsiya, ba ya hawa bango, ba ya fasa rumbu. Ciyawa ce abincinsa.

Abin da jikinsa ba ya iya yi

Saniya da akuya da tunkiya da zomo, jikinsu da kansa yake yin bitamin C. Shi ya sa akuya takan yi rani a kan busasshiyar harawa da dusa ba ta rasa shi ba. Ɓeran Masar ba haka yake ba. Shi da mutum da biri, tilas su samu bitamin C daga abin da suka ci, kuma jiki ba ya ajiye shi da daɗewa.

Ta wurin wannan ɗan dabba ne ma likitoci suka gane al'amarin sosai. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wani ciwo da ke kama ma'aikatan jirgin ruwa. Suka riƙa ciyar da ɓerayen Masar da hatsi da burodi zalla. Ba a daɗe ba ɓerayen suka kamu da ciwon nan mai sa dasashi ya yi jini, haƙora su yi girgiɗi, gaɓoɓi su kumbura. Waɗanda aka ƙara musu ɗanyen kabeji ko ruwan lemun tsami kuwa ba su kamu ba. Sai a 1932 aka iya ware ainihin abin da ke cikin ganyen, wato bitamin C. Ku lura da abin da likitocin nan suka ba ɓerayensu: hatsi zalla, ba ɗanyen abu. Shi ne daidai abin da yaranmu suke ba nasu daga watan Janairu zuwa Afrilu, dusa da tsaba da busasshen kara, suna tsammani sun ƙosar da su.

Ciwon yakan bayyana bayan mako 2 ko 3 da yanke ganye. Gashi ya hargitse ya daina ƙyalli. Ɓeran ya lafe a kusurwa ba ya son motsi, in ya yi tafiya yana ɗingishi ko yana jan ƙafafun baya. In an ɗauke shi ya yi ƙara, gama gaɓoɓinsa suna ciwo. Daga nan ya bar cin abinci. Ƙanana masu girma da mata masu ciki su ne suke fara faɗuwa. In an farga da wuri aka mayar masa da ɗanyen ganye, yakan soma farfaɗowa cikin mako guda. In an bar shi, mutuwa ce.

Babban ɓeran Masar nauyinsa yana tsakanin giram 700 da 1,200. Yana bukatar bitamin C kamar miligiram 10 a rana ga kowane kilo na nauyinsa, mai ciki kuwa har ninki uku na wannan. Ba mai ma'aunin miligiram a ƙauye, saboda haka ga ma'aunin da ya fi sauƙi: cikin hannun babban mutum na ɗanyen ganye iri biyu ko uku, ga kowane ɓera, kowace rana. Kowace rana na ce, har ranar Lahadi da ranar kasuwa.

Ina za a sami ganye da rani? Zogale yana nan, in yana samun ɗan ruwa ba ya rasa ganye, a yi shinge da shi. Ganyen dankalin Hausa suna sonsa ƙwarai, 'yan kunya biyu a kusa da rijiya sun isa gida guda. Wanda ke da lambu a fadama ba shi da hujja ko kaɗan: ganyen kabeji na waje da ake yarwa, ganyen karas, latas, koren tattasai, ganyen masarar rani. Gwaba tana da bitamin C fiye da lemu nesa ba kusa ba, gama giram 100 nata yana ɗauke da fiye da miligiram 200, don haka ɗan yanki ya wadatar. Amma 'ya'yan itace suna da zaƙi, kada su yi yawa. Ni a ganina, ƙungiyar da ke da lambun haɗin gwiwa ya kamata ta bar wa yara ganyen da ba ya sayuwa maimakon a tara shi ya ruɓe a bakin kwari.

Bushewa da zafi da daɗewa suna kashe bitamin C. Zogalen da aka shanya a rana, ko ganyen da aka dafa, bai maye gurbin ɗanye ba. In ganye ya gagara ɗungum, a sayi ƙwayar bitamin C mai miligiram 100 a kantin magani, a raba ta huɗu, a daka kashi ɗaya a barbaɗa a ɗan abin da ɓeran zai cinye nan take. Kada a zuba a ruwan sha, gama ƙarfinta yakan tafi da sauri a cikin ruwa, ɗanɗanon kuma yakan hana waɗansu sha. Kada kuma a ba da ƙwayar nan mai haɗe da bitamin iri iri, ta mutane ce.

Sauran abinci

Ɗanyen ganye shi ne maganin ciwon, amma ba shi ne yawancin abincin ba. Yawancin abincin ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, kada ta yanke a gabansa dare da rana. Dalili kuwa, haƙoransa 20 ne, dukansu suna ta tsawo muddin ransa. Taunar ciyawa ce take goge su. In ya rasa abin tauna, haƙoran ciki su yi tsawo su tokare harshe, sai ka ga yawu yana zuba a haɓarsa, abinci yana gabansa ya kasa ci. Saboda haka sa'ad da ake yankan ciyawar rani wa awaki, irin su harƙiya da gamba mai taushi, a ware ta ɓeraye, a shanya a inuwa, a ajiye a bisa inda ba laima. Harawar gyaɗa da ta wake suna da kyau ga ƙanana da masu ciki da masu shayarwa. Ga manya kuwa a gauraya da ciyawa, domin harawa zalla takan sa tsakuwa a mafitsara. Dusa cokali guda a rana ta isa. Ragowar tuwo da miya mai gishiri da mai da yaji ba abincinsa ba ne.

Waɗansu suna cewa ɓeran Masar ba ya shan ruwa. Da damina ne suka gan shi, yana samun ruwa daga ganye. Yana sha, da rani kuwa yana sha sosai. A sa masa a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a sake kowace safiya.

In za a sake masa abinci, a yi da kaɗan kaɗan. Farkon damina yana da hatsari: dabbar da ta yi watanni a kan busasshen abu, in aka jibge mata sabon tsiro, cikinta yakan kumbura. Haka kuma ganyen da ya kwana a tare a cikin buhu har ya yi zafi, da kabeji mai yawa. In kun ga yana cin kashinsa mai laushi, ku ƙyale shi, halittarsa ke nan, yana samun amfani a ciki. Amma wanda ya yini bai ci kome ba yana cikin hatsari, kada a jira gobe.

A koya wa yara abin da ba a yankowa. Tumfafiya, zurma, zaƙami, bini da zugu, duk guba ne. Haka albasa da tafarnuwa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, ɗanyen ganyen rogo, da gyauron dawa wanda kowane makiyayi ya san yana kashe shanu. A yanzu da feshin maganin ciyawa ya yi yawa, kada yaro ya yi yanka a gefen gonar da bai san lokacin da aka fesa ta ba.

Akwai kuma gubar da mukan ba shi da hannunmu, muna nufin alheri. Penisilin da danginsa, wato ampisilin da amoksisilin, suna kashe ɓeran Masar. Sukan hallaka ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, sai gudawa mai tsanani ta biyo. Kafson da ya warkar da kaza ko yaro, kada a fasa wa ɓeran Masar. A nemi malamin dabbobi.

Wurin kwana

Ɗan kan dutse ne, sanyi kaɗan ba ya damunsa kamar zafi. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. In zafi ya kai 30 yana iya suma ya mutu, ku kuwa kun san yadda Maris da Afrilu suke. Kada a ajiye shi ƙarƙashin kwano mara rufi, ko inda rana take bugawa. Ɗakin ƙasa mai jinka, mai shan iska, ya fi. A sa tulu cike da ruwa a cikin wurinsu, za ku ga suna jingina da shi. Da hunturu a tare musu iska da zana, a ƙara busasshiyar ciyawa.

Wuri mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2 ya ishi guda biyu. Bango ƙafa ɗaya da rabi ya hana su fita, amma bai hana kyanwa da kare da maciji da gafiya shiga ba, don haka a yi murfi na waya. Ƙasan kuwa kada a yi shi da waya kamar kejin zomo, tafin ƙafarsu yana da taushi, yakan yi gyambo. A daɓe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a kwashe sau biyu a mako a kai ramin taki. A kifa musu fasasshiyar tukunya su riƙa ɓuya, gama matsorata ne.

Ba ya son zaman kaɗaici. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana mutum ya ajiye guda ɗaya tak. Mata biyu sukan zauna lafiya. Amma kada a haɗa shi da zomo: zomo yana harbi da ƙafa, yana kuma ɗauke da wata cutar huhu da ba ta cika kayar da shi ba, amma tana kashe ɓeran Masar. Yaro ya ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, yana zaune a ƙasa, domin faɗuwa daga hannu takan karya shi. Bayan wasa ya wanke hannu da sabulu, gama ana iya ɗaukar makero daga jikinsa. In ya sami kulawa yakan yi shekara 5 zuwa 7, iyaye su san da haka kafin su karɓo wa yaro.

Wanda ya haɗa namiji da mace ya shirya wa ƙaruwa. Ciki yakan yi kwana 59 zuwa 72, ta haifi 2 zuwa 4 galibi, da gashinsu, idonsu a buɗe, cikin 'yan kwanaki suna cin ciyawa. Macen tana iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu, wannan kuwa yana gajiyar da ita, saboda haka a fitar da namijin kafin haihuwa. Cikin fari ya fi kyau ya zo kafin ta cika wata 6 ko 7, bayan haka ƙugunta ba ya buɗewa da sauƙi. A yaye ƙanana a mako 3, a ware mazan nan da nan, domin mace 'yar mako 4 ko 5 tana iya yin ciki. In ɓerayen gida guda suka daɗe suna haihuwa a tsakaninsu, 'ya'yan sukan riƙa fitowa ƙanana marasa ƙarfi. Sakataren kowace ƙungiya ya rubuta gidajen da ke kiwo, domin a ranar taron wata a riƙa musayar maza tsakanin ƙauye da ƙauye.