Jinyar Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa: Daga Gadon Asibiti Zuwa Ɗakin Gida

Jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa da laka fanni ne mai zaman kansa a aikin jinya, wanda ya shafi waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, ko farfaɗiya, ko rauni a kai bayan hatsarin mota. Fannin ya tsaya da ƙafafunsa a Amurka a 1968, lokacin da Agnes Marshall ta jagoranci kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya masu kula da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa.

Ginshiƙin aikin shi ne sa ido, domin ƙwaƙwalwa ba ta kuka da babbar murya idan ta shiga matsala. A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett na Jami'ar Glasgow suka fito da ma'aunin da ake gwada zurfin suma da shi, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsin jiki, makinsa kuma yana tashi daga 3 zuwa 15. Nas takan kira sunan majinyaci, ta ce ya matse mata yatsu, sannan ta haska tocila a idonsa, kuma idan baƙin ido ɗaya ya buɗe fiye da ɗan'uwansa ya ƙi tsukewa, wannan na iya nuna cewa kumburi ko jini yana danne ƙwaƙwalwa, sai a nemo likita nan take. Irin wannan lura ba ta samuwa daga littafi kaɗai, shi ya sa gogaggun ma'aikata sukan koma koyarwa a gefen gado.

Amma ranar sallama ce take bayyana inda nauyin yake, saboda mai shanyewar jiki yana komawa hannun mata ko 'ya ko ƙanwa wadda ba ta taɓa shiga ajin jinya ba. Ita za ta riƙa juya shi kusan kowane awa biyu don kada kwanciya ta fasa masa gyambo, ta zaunar da shi a miƙe kafin ta ba shi kunu, tunda haɗiya takan lalace har abinci ya gangara huhu ya jawo ciwo. A 1980 Steven Zarit da abokan aikinsa suka tsara tambayoyin auna wahalar masu jinya a gida, a 1990 kuma binciken Patricia Archbold da Barbara Stewart a jihar Oregon ya nuna cewa shaƙuwa da majinyaci, tare da jin an shirya wa aikin, suna tafiya da raguwar wasu ɓangarori na wannan wahala.

Wannan sakamako ya dace ƙwarai da asibitocin ƙasar Hausa, inda mai jinya ke kwana a tabarma kusa da gado tun ranar farko. Kuskure ne a ɗauke ta 'yar aiken sayen magani kawai, alhali makonnin da take yi a asibiti sun isa a koya mata juyi da ciyarwa da alamomin da ke wajabta dawowa da gaggawa, kamar karkacewar baki ko sarƙewar magana.