Kuɗin Kashewar Matasa a Tafiyar Iyali: A Yanke Shi Tun Daga Gida

Sau biyu ko uku a shekara, gidaje da yawa a Surko da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sukan ɗaure kaya su kama hanya da iyali. Wasu kallon hawan Sallah ke kai su Dutse, wasu bikin 'yan uwa a Kano ko Bauchi, masu hali kuma Umara a watan azumi. Kafin a tashi, maigida yakan zauna ya lissafa kuɗin mota da na abinci da gudummawar biki da tsaraba. Abu ɗaya ne ba kasafai yake shiga wannan lissafi ba, wato abin da samari da 'yan matan gidan, 'yan shekara 13 zuwa 19, za su kashe da hannunsu. Shi ake cewa "sai an je", shi ne kuma ke kawo ɓacin rai kafin a dawo.

Duk wanda ya taɓa kai yara Kano ya san yadda abin ke gudana. Ranar farko tsire da lemo. Rana ta biyu 'ya'yan masu masauki sun ja su gidan zu na Audu Bako, daga can a tsallaka kantin zamani na Ado Bayero da ke kan titin, a hau lilo, a ɗauki hoto, a sayi data don a ɗora hoton. Rana ta uku da hantsi, ana zaune a falo da surukai, sai yaro ya durƙusa: "Baba, kuɗina sun ƙare." Ya san lokacin da ya zaɓa. Babu uban da zai so a ga ya hana ɗansa naira dubu biyu a gaban baƙi, saboda haka sai ya laluba aljihu, ko ya ɗauki waya ya tura. Kunya ce ta biya kuɗin nan. Gobe kuma za a sake.

Da can matsalar tana da iyaka, domin guzuri a hannu ake bayar da shi. Yarinya ta ƙulle nata a bakin zane, yaro ya cusa nasa a aljihun wando, kowa yana ganin yadda yake raguwa. Abin ya sauya ne daga lokacin da Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022. Ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya karɓar tiransifa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kuɗi ya dawo hannun jama'a, amma ɗabi'ar ba ta koma ba. OPay da PalmPay da Moniepoint sun zauna daram a wayoyi, masu POS sun cika bakin kowace tasha. Yau matashi zai iya kashe dubu goma bai taɓa takarda ko ɗaya ba.

Masana halayyar ɗan Adam a harkar kuɗi sun daɗe da lura cewa fitar da tsaba daga aljihu yana da ɗan zafi a rai, kuma wannan zafin ne ke rage wa mai saye gudu. Idan aka ɗauke shi, hannu sai ya saki. A 2001 wasu malaman jami'ar MIT ta Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Boston Celtics a tsakanin ɗalibai, aka ce wa wasu da tsaba za su biya, wasu kuma da katin bashi. Masu kati sun taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya. Tikiti ɗaya ne, kuma ɗaliban nan manya ne masu karatun kasuwanci. Ina ga ɗan shekara 15 da ya baro ƙauye ya shiga birni?

Inda aka fi cin moriyar wannan rauni shi ne manyan jiragen ruwan shaƙatawa da iyalai ke shiga a Amurka da Turai su yi mako guda suna yawo a teku. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A cikinsa ba a ciniki da tsaba. Kowane fasinja, har yara, ana ba shi kati guda: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma aljihu. Yaro ya miƙa kati a ɗakin wasannin kwamfuta ko wurin sayar da kayan zaƙi, a rubuta a asusun mahaifinsa, lissafi kuma sai ranar sauka. Kamfanonin sukan ba iyaye damar sa wa katin yaro iyaka ko su toshe shi gaba ɗaya, amma sai uban da ya nemi hakan. Wanda bai nema ba yakan ga takardar da za ta ɓata masa hutun duka. Mu jirgin ruwan da kakanninmu suka sani shi ne na tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin ko Fot Sudan zuwa Jidda, bayan sun ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna ƙwadago a hanya. Babu ɗakin wasa a cikinsa. Sai dai tsarin wancan katin ya riga ya iso mu, yana cikin wayar da ke hannun 'ya'yanmu.

Akwai kuma batun shekaru. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara al'amura da danne son rai, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sashen da ke zumuɗin jin daɗi yana tashi da ƙarfi tun farkon balaga. Laurence Steinberg na jami'ar Temple da Margo Gardner sun nuna a 2005, ta hanyar wasan tuƙin mota a kwamfuta, cewa matasa sukan ƙara ganganci sosai idan sa'o'insu na kallon su, manya kuwa kusan babu abin da ke sauyawa a tuƙinsu. Tafiyar iyali kuwa cike take da sa'o'i: 'ya'yan kawu, 'ya'yan gwaggo, yaran unguwar da aka sauka. Yaron da a gida zai yi mako da ɗari biyar, a gaban 'yan birni zai ce a kawo wa kowa lemo, don kada a ce masa ɗan ƙauye.

Kada a ɗauka ina cewa yaranmu ba su san kuɗi ba. Yarinyar da ke ɗaukar tallar awara ko ƙuli a Birnin Kudu tana dawo wa innarta da ciniki ba kuskuren naira goma. Yaron da aka ba wa tunkiya ya kiwata ya san farashinta a kasuwar Sara fiye da malamin lissafinsa. Aliko Dangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya sha faɗin cewa tun yana firamare yake sayen kwalin alawa yana sayarwa don riba. Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare kuɗin ƙidayayye ne, yana da mai shi, kuma akwai lokacin da za a zauna a yi lissafi. Kuɗin tafiya ne ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Ba a faɗi adadinsa ba, ba a ce na yaron ne ba, babu kuma ranar tambaya. Yaron da aka bari a haka bai yi laifi ba idan ya ɗauka rijiya ce.

Masu zuwa Umara da matasa suna da ƙarin tarko. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, saboda haka a 2025, da dala ke wajen naira 1,500, riyal guda ya kai kusan naira 400. Yaro zai ga an rubuta riyal 20 a kan kofin lemo a kantunan da ke kewaye da Harami, ya ji abin ba komai, alhali a wannan lissafi naira 8,000 ce. Priya Raghubir da Joydeep Srivastava sun nuna a binciken da suka wallafa a 2002 cewa mutane sukan wuce gona da iri idan adadin kuɗin baƙuwar ƙasa ya fi na gida ƙanƙanta a ido. Manya ma ba su tsira ba. Ai an ga yadda aka yi ta kai ruwa rana kafin Hajjin 2025 a kan ko a zuba wa alhazai kuɗin guzurinsu na dala 500 a kati, daga ƙarshe aka amince a ba su tsaba, saboda da yawansu ba su saba da kati ba. Idan dattijo yana son ya ga guzurinsa da idonsa, ban ga dalilin da za a ɗora wa ɗan shekara 14 abin da ya fi haka wuya ba.

To mene ne abin yi? A ganina duk maganar tana ƙarewa ne a daren da ake haɗa kaya. Uba ya kira yaron, da mahaifiyarsa a wurin, ya ce: "Kwana huɗu za mu yi. Mota da abinci da masauki nawa ne. Ga dubu goma sha biyu, naka ne, da data da kayan kwaɗayi da tsarabar abokanka duk a ciki. Idan ka cinye ranar farko, sauran kwana ukun sai kallo. Abin da ya rage kuma ba zan karɓa ba." Adadin misali ne kawai, kowa da ƙarfinsa, wani dubu uku ce iyakarsa, kuma ta isa a koyi darasin da ita. Abin da ke da muhimmanci shi ne a rabe abin da ke wuyan uba da abin da ke wuyan yaro. Maganar ƙarshen nan, ta cewa ba za a karɓi abin da ya rage ba, ita ma ba ƙarama ba ce. Yaron da ya san za a ƙwace canji zai tabbatar babu canji.

Ƙanana, 'yan 13 da 14, gara a riƙa ba su na kowace rana da safe, tsaba a hannu. Wanda ya kai 16 ko 17 a danƙa masa duka, domin raba kuɗi a kan kwanaki shi ne ainihin abin da ake son ya koya. Idan dole sai ta waya, to a zuba adadin a wani asusu na daban wanda babu komai a cikinsa sai shi. Data kuwa a saye ta tun daga gida. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, data ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kuɗin yara ke zurarewa. A kasuwa kuma a nuna musu cewa cire dubu ɗaya sau biyar a wurin mai POS yana nufin biyan caji sau biyar.

Abin da bai kamata a yi ba ko kusa shi ne miƙa wa yaro katin banki da lambar sirri, ko wayar da asusun gida ke ciki, wai "je ka ciro". Ba zargin sata ba ne. Manhajojin waya an gina su ne don saye ya zo da sauƙi. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 saboda sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da izini ba, a Disambar 2022 kuma kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya mayar da dala miliyan 245 a kan irin wannan zargi. Can akwai hukumar da ta ƙwato musu. Magidanci a Surko, wa zai ƙwato masa?

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. A farkon Suratun Nisa'i an hana danƙa dukiya ga wanda bai iya riƙe ta ba, an kuma yi umarni a riƙa jarraba marayu har a ga hankalin riƙon dukiya a tare da su kafin a miƙa musu nasu. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa jarrabawar ita ce a ba yaro kaɗan ya juya, ana kallon yadda zai yi. Tafiyar kwana huɗu da dubu goma sha biyu fili ne mai arha na wannan gwaji. Gara ya yi ɓarnar a nan da ya yi ta ranar da aka tura shi jami'a a Dutse ko Kano da kuɗin zango guda.

Wurin da shirin ya fi rushewa, a gaskiya, ba wurin yaro ba ne. Kuɗi sun ƙare, Baba ya tsaya a kan maganarsa, sai yaro ya zagaya ɗakin Inna, ko ya je ya kwantar da kai gaban kaka, ta kwance bakin zane. An ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, mu kuwa ba ma barin miyar ta ƙare. Shi ya sa na ce a yi maganar uwa tana zaune, a kuma gaya wa kaka. Barka da Sallah da 'yan uwa za su ba shi a can ita ma a yanke mata hukunci tun da wuri: ko rabi a asusu rabi a aljihu, ko duka nasa amma sai an dawo gida. Babu wanda ke cewa a bar yaro da yunwa ko a hana shi magani. Waɗannan tun farko suna wuyan uba. Lemo na uku ne da ƙarin data ake magana.

Idan an dawo, a zauna minti goma a tambaye shi me ya saya, wanne ya ji daɗinsa, wanne yake da-na-sani. Ba da faɗa ba. Wanda ya dawo da canji a bar masa, a kuma ƙara masa amana a tafiya ta gaba. Iyaye, kafin Sallah mai zuwa ku sa kuɗin kashewar yaran nan cikin lissafin tafiya kamar yadda kuke sa kuɗin mota, ku faɗa musu adadin tun a gida, sannan ku daure ku tsaya a kansa ko da a gaban surukai ne.