Mairuwa Da Maƙwabtanta: Wa Ke Riƙe Da Me?

Mairuwa gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, cikin Jihar Katsina. Yana kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau. Ƙasar noma ce, ana samun masara da dawa da auduga. A nan ne kuma madatsar ruwan da aka gina domin ba Funtuwa ruwan sha take. Sauran garuruwan Faskari sun haɗa da Daudawa da Maigora da 'Yankara da Sheme mai babbar kasuwar dabbobi.

Mutane da yawa suna wahala wajen kai kuka domin ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Mulkin ƙauye hawa biyu ne.

Na farko shi ne na sarauta. Daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, sannan Sarkin Katsina. Rikicin iyakar gona, da ɓarnar dabbobi, da zuwan baƙon da ba a yarda da shi ba, duk wajen mai unguwa ake fara kai su. In abin ya fi ƙarfinsa, shi zai kai gaba.

Na biyu shi ne na zaɓe. Tun gyaran da aka yi a 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. Kowace mazaɓa tana da kansila, kuma Mairuwa mazaɓa ce. Gyaran rijiya, da rumfunan kasuwa, da ƙaramin asibiti, da makarantar firamare, kansila ake gaya wa. Shi zai kai wa shugaban ƙaramar hukuma a Faskari.

Jihar Katsina, wadda aka kafa a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai a Abuja. Saboda haka matsalar da ta game ƙasashen uku, kamar ta 'yan bindiga, ya kamata ta isa kunnensa.

A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Talaka yana da haƙƙin ya tambayi aikin da aka yi da su.

Kukan da aka rubuta a takarda, da kwanan wata da sa hannun jama'a, ya fi na baki daɗewa a ofis. Matambayi dai ba ya ɓata.