Tafarnuwa Ba Ta Maye Gurbin Maganin Tsinka Jini

'Yan'uwana mata, zancenmu na wannan mako a kan waɗanda aka yi wa aikin zuciya ne. Ku sani zuciya tana da ƙofofi huɗu, kowace da ƙyaurenta mai hana jini komawa baya. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ana yara ya kan jawo zazzaɓin da ke lalata ƙyauren nan, har sai likita ya cire shi ya sa na ƙarfe. Tun 1960 aka fara cin nasarar wannan aiki a Amurka.

To, jini ba ya shiri da baƙon abu. Da ya taɓa ƙyauren ƙarfe sai ya nemi daskarewa. In gudan jini ya toshe ƙofar, ko ya haura ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki ko rasa rai. Saboda haka mai irin wannan ƙyaure sai ta sha warfarin kullum muddin ranta, a riƙa yi mata awon jini da a ke kira INR.

Masu zuwa dubiya ba su rasa shawara. Wata ta ce tafarnuwa, wata citta, wata kurkum, wai su ma suna tsinka jini, ga su ba na Bature ba. Kada ku yarda. Babu ɗayansu da ya isa tsare ƙyauren ƙarfe. In kuwa aka sha su da yawa tare da warfarin, suna iya jawo zubar jini. Ko maganin nan dabigatran, da aka gwada shi ga masu ƙyauren ƙarfe, dole aka tsai da gwajin, rahoton 2013 ya nuna daskarewa da zubar jini duk sun ƙaru. Warfarin ɗin ma daga ciyawa aka gano asalinsa, wata ruɓaɓɓiyar harawa da ta riƙa kashe shanu a Amurka da Kanada. Ashe tsiro ba abin wasa ba ne.

Aikin uwargida yana murhu. Zogale da alayyafo suna da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin. Ba a ce a daina ci ba, amma a ci gwargwado ɗaya, kada yau tuli gobe babu.

Mai son haihuwa ta gaya wa likita tun kafin ciki, domin warfarin na iya cutar da jinjiri a watannin farko. Wadda ba a riga an yi wa aikin ba ta tambayi labarin ƙyauren nama, na saniya ko na alade. Shi galibi watanni kaɗan a ke shan maganin, sai dai ya kan lalace bayan shekara 10 zuwa 15.

In kun ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, maza asibiti. Tafarnuwa kuwa a bar ta a miya. Sai mako mai zuwa.